Shanun da Muka Ƙirga a Aji Ɗaya

A shekarun farin nan da gero ya riƙa bushewa tun bai fitar da kai ba, ni ne malamin aji ɗaya a makarantar ƙauyenmu, can gefen Tsamaye. Iyakar karatuna firamare. An ɗauke ni ne don babu wani. Malaman da ake turowa daga birni da sun ga rijiya ta koma laka sai su ɗaure kayansu, ni kuwa nan aka haife ni, ba inda za ni. Duk ranar da na shiga aji sai in ji kamar wani zai leƙo ta taga ya ce, "Kai kuma wa ya ba ka alli?"

Hedimastanmu mutumin Isa ne, dattijo mai tsagen Gobirci daga gefen baki har kunne. Ya yi kwalejin horon malamai, kuma yana da wata adakar ƙarfe da ya ɗauro a bayan kekensa tun daga gida. Wata ranar Alhamis bayan an tashi ya kira ni gindin itacen bedi, ya buɗe ta.

"Zamna, ɗan malam," ya ce. "Na ga yadda kaka koyarwa. Kai kana ta magana, su suna ta hamma."

"Yunwa ta, ranka shi daɗe."

"Rabi yunwa, rabi kai."

Ya fito da littattafan hotuna ya shimfiɗa su a kan tabarma. Ban taɓa ganin irinsu ba, manya ne, launinsu har ɗaukar ido yake. Ya ɗaga wani mai hoton akuya ta shiga kasuwa tana ɓarna.

"Wanga za ka hwara da shi. Kada ka karanta musu komi. Ɗaga shi sama ka kama bakinka, su za su gaya maka abin da ke ciki. In sun saba, ka koma wanga na ƙirga, mai dabbobi." Ya ture wani gefe da bayan hannu. "Wanga na jirgin ruwa ka bar shi tukun. Yaran da ba su ga gulbi ya kawo ba, kada ka tsokane su."

Daga ƙasan adakar ya zaro wani mai baƙin bango, babu hoto ko ɗaya a cikinsa.

"Wanga kuwa naka na, ba nasu ba. Shi za shi koya maka aikin. Turanci na, na san za ka sha wuya. Ka karanta abin da ka iya, kowace Alhamis mu zamna nan in warware maka sauran."

Na kai su gida kamar na ɗauko ƙwai. Na naɗe su da takardar siminti, na rataye su a jikin azara saboda gara, da kuma awaki, don a shekarar nan akuya har takarda take ci. Kafin in taɓa su sai na wanke hannu, duk da tsadar ruwa. Mai baƙin bangon kuwa da yatsa nake bin sa, kalma kalma, in koma baya in sake. Abin da hedimasta ya fi nanata mini a cikinsa shi ne, malami ya fara daga abin da yaro ya sani, in ya nuna hoto ya ja zancen har cikin gidan yaron. Na riƙe wannan kamar hadda. Ni mutum ne da in aka ce mini ga yadda ake yi, ba na iya ragewa ba na iya ƙarawa.

Littafin akuya ya karɓu. Yaran da ba sa buɗe baki sai ga su suna rige-rigen faɗin abin da akuya ta ɓarar. Mutum ɗaya ce ba ta tanka ba, wata 'yar Fillani daga rugar da ke bayan fadama. Da aka ce kowace ruga ta ba da yaro, ubanta ya ba da ita, don mazan suna bayan shanu. Takan zauna can jikin bango ta haɗa gwiwoyi, ba ta hamma ba ta dariya.

Ranar da na kawo littafin ƙirga, na buɗe shafin da ke da jajayen shanu. Ƙosassu ne, suna tsaye cikin ciyawa kore shar har gwiwa. A lokacin nan shanun da muke gani haƙarƙarinsu a waje yake, makiyaya suna sassabe rassan gawo suna ba su, wasu har bunun ɗaki suke zarewa. Sai na ga yarinyar ta miƙe, ta tako har gabana, ta ɗora yatsa a kan hoton.

"Nagge," ta ce. Saniya ke nan a bakinsu.

Ranar na fara jin muryarta. Daidai nan kuma na hango hular hedimasta ta gilma ta taga, na ce a raina yau zai ga ko na karanta littafinsa. Abin da na haddace ya zo mini baki. Na ce da ita, "Ku ma kuna da irinsu a gida, ko? Hwaɗa muna su."

Ta ɗaga hannu ta fara lanƙwasa yatsu. "Akwai ja mai karyayyen ƙaho."

Na riga na koya wa yaran duk sanda aka nuna abu su faɗi lambarsa tare. Sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya, "Ɗaya!"

"Akwai mai gajeren wutsiya."

"Biyu!"

Tun ina yaro na san Bafillace ba ya ƙirga shanunsa a fili. Ka tambaye shi nawa ne, sai ya ce ga su nan dai, ya kau da kai. A wurinsu ƙirgawa kira ne ga asara. Na san wannan kamar yadda na san sunana, amma sai da yara suka yi nisa ya faɗo mini. Na so in ce su tsaya, na kasa, don ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan ta saki haka ba. Ta ƙare yatsun hannu ta sake komowa, ajin na bin ta da ihu, ba wanda ya ce tubarkalla. Daga ƙarshe ta ce, "Sai mai farin goshi, ta innata," ta koma ta zauna.

Na rufe littafin ina ta faɗin tubarkalla a ƙasan maƙoshi, bayan an riga an gama. Ashe hedimasta ma bai tsaya ba, ƙararrawa ya wuce nema.

Da aka tashi yaran suka fita da abin a baki kamar waƙa. Ina tafiya gida ina jin su a lungu, ɗaya ya ce mai karyayyen ƙaho, saura su amsa. Kafin la'asar babu gidan da ba a san an ƙirga shanun ruga a ajina ba.

Washegari yarinyar ba ta zo ba. Na yi ta kallon gurbinta a jikin bango. Ba a daɗe ba kuma na ji mahaucin garinmu yana faɗa a bakin masallaci cewa wata saniyar ruga ta faɗi kusa da rijiya, ta kasa tashi. Wani ya tambaye shi wacce.

"Mai hwarin goshi," ya ce.

Ba wanda ya dube ni. Rashin duban ya fi tsorata ni.

Sai na faɗi abin da ya sa tsoron ya kai haka. A wurinmu in aka ce bakin mutum yana kama abu, daga nan zuwa a kira shi maye ba nisa. Kuma mutane sun ɗauka maita a nonon uwa ake shan ta. Innata ba 'yar garin ba ce, daga wani ƙauye cikin Nijar aka auro ta, can gaba da Burkusuma. Mahaifina ya rasu, ba ta da wa ba ta da ƙane a nan da zai tsaya mata. Ina ƙarami na ga abin da aka yi wa wata tsohuwa da aka laƙa wa wannan suna. Ba a doke ta ba, ba a zage ta ba. An dai daina ɗibar wuta a gidanta, in ta doso uwaye su janye 'ya'yansu, har ta tattara ta bar garin. In sunan ya hau kaina, kan Inna zai sauka.

Akwai wata maƙwabciyarmu da takan kawo wa Inna jaririnta ta riƙe mata in za ta daji tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da muke jiƙawa mu ci a shekarun yunwa. Tun da saniyar ta faɗi ba ta sake kawo shi ba. Na ce wa kaina wataƙila ba ta je daji ba ne. Sai na gan ta ta dawo da ƙwarya a ka, jaririn a bayanta, cikin wannan rana.

"Mi ya same ka?" Inna ta tambaye ni da ta ga na ture akushi. "Bana wa ka barin abinci?"

"Ba komi, Inna. Zahi na."

Ta dube ni, ta ɗauke akushin.

Da hantsi uban yarinyar ya zo makaranta. Dogo ne siriri, da malfa, sanda a gicciye a kafaɗa. Ya tsaya nesa da ƙofa har na fito. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi yara.

"Modibbo," ya ce, "ban ce da gangan ka yi ba. Baki shina kamawa ko mai shi bai sani ba. Ka zo bakin rijiya da la'asar, ka kurkure baki cikin ƙwarya in yayyahwa mata. Shi ke nan abin da nika roƙo."

"To, Baffa," na ce.

Bayan ya tafi na tsaya ina juya abin. In na ƙi zuwa, za a ce na san abin da na yi. In na je na kurkure ta tashi, an tabbatar bakina ne ya riƙe ta. In kuma ta mutu, za a ce na ƙi sakinta. Na rasa ma abin da za ni roƙa wa saniyar nan, tashi ko mutuwa, sai na ji tsoron Allah a kan wannan tunanin ma. Kuma a bakin rijiya ne, inda rabin gari ke tsaye suna jiran laka ta tsatso ruwa.

Na sami hedimasta yana ɗaure ƙafar benci da igiya. Na faɗa masa komai, har zancen Inna, wanda ban taɓa yi da kowa ba. Bai daina ɗaurin ba.

"Littahin bai hwaɗi wanga ba, ranka shi daɗe," na ce. Muryata ta fita kamar ta yaro.

"Wanda yar rubuta shi bai taɓa zama da Fillani ba. Ni na zamna da su." Ya ja igiyar da haƙori. "Koma ajinka, yara na ta tsalle bisa juna."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Na koma aji na ɗaga littafin akuya.

Da la'asar na tafi. Saniyar tana kwance a gefen rijiya, ta miƙe wuya a ƙasa, ƙudaje sun cika idonta. 'Yan ruga sun kawo itatuwa biyu dogaye da ake zurawa ƙarƙashin ciki a ɗaga. Mahauci yana tsugune a inuwa da wuƙarsa naɗe a tsumma, yana jira kada ta mutu mushe. Mata sun jera tuluna. A can ƙarshe na hango Inna, akwai ɗan fili tsakaninta da ta kusa da ita. Ko dama haka suke tsayawa, ban sani ba. Amma na gane ta ji labari, don ba ta ɗago ta dube ni ba.

Uban yarinyar ya ɗebo ruwa a ƙwarya, ja-ja da shi, ya miƙo mini. Na miƙa hannu ke nan sai na ji ƙararrawar keke.

"Dakata, Bahillace!" Hedimasta ne, ya jingine keken, littafin ƙirga a hammatarsa. "Kakanninku sun cinye muna birnin Alkalawa ba ku ƙoshi ba, yanzu ɗan malamin nawa guda kuka so?"

Wasu suka yi 'yar dariya. Makiyayin bai yi ba.

"Kaɗo, ba da kai nika yi ba."

"Da ni kaka yi." Ya buɗe littafin ya ɗaga shi sama yadda ya koya mini, ya juya kowa ya gani. "Ga shanun da anka hwara ƙirgawa. Nawa na. Ni nik kawo su daga Isa, ni nic ce a tambayi yara na gidansu. In baki na, nawa ag gaba. Kawo."

Ya karɓe ƙwaryar daga hannunsa, ya kai baki. Muka ga maƙogwaronsa yana motsi.

"Kurkura anka ce, ba sha ba!" makiyayin ya daka masa tsawa.

"To ka ɗebo da yawa mana, ƙishi gare ni."

Ya kurkura ya mayar cikin ƙwaryar. Na ɗauka ni zai miƙa wa, sai ya wuce ni ya nufi inuwar da mahauci ke tsugune.

"Sarkin hwawa, taso. Tun yaushe kaka zamne kana kallonta kana lasar baki? In akwai wanda ad da muradi a wurin ga, kai na."

"Ni? Ni mi nic ce?"

"Ba kai kac ce ba ta kai ranar kasuwa ba? A bakin masallaci, gaban liman?"

Wurin ya barke da dariya, har da mata. Mahaucin ya taso yana rantse-rantse ya kurkura. Daga nan hedimasta ya bi mutane ɗaya ɗaya. Wannan ɗansa na cikin masu ihun ƙirga, ya kurkura a madadinsa. Wancan an ji shi yana cewa wayyo dubi ƙashin bayanta. Wani tsoho ya ce shi bai ce komai ba, hedimasta ya ce ai ya yi tunani, ya kurkure tunanin. Aka ƙara ruwa a ƙwaryar. A tsakiyar wannan hayaniya ta iso hannuna. Na kurkura, ruwan na ɗanɗanon laka, na miƙa wa na kusa da ni. Ban ga wanda ya tsaya kallona ba, kowa na jiran ya ga wa za a kama gaba.

Makiyayin ya karɓi ƙwaryarsa. Ya dubi hedimasta, sannan ya yi bisimilla ya yayyafa wa saniyar daga goshi har wutsiya. Aka zura itatuwa, maza suka kama, aka yi kabbara aka ɗaga. Ƙafafunta suka lanƙwashe, aka sake ɗagawa. Ta tsaya tana makyarkyata, aka zare itatuwan a hankali, ba ta faɗi ba.

Na jira in ji sunana.

"Bakin mahauci na!" wani ya yi ihu daga baya.

"Wallahi shi na! Ku dubi yadda ransa ya ɓaci!"

Mahaucin ya soke wuƙarsa a ƙugu ya ce duk wanda ya sake zuwa neman bashin nama wurinsa zai gani. Aka bi shi da shewa. Na waiga wajen mata, Inna ta sunkuya tana gyara gammo.

Ban samu natsuwa ba duk da haka. Dariyar bakin rijiya daban, abin da mata ke faɗa a tsakar gida daban. Washegari maƙwabciyar ba ta kawo jaririn ba. Na riƙa ƙirƙiro dalilin tsayawa a zaure da safe har in kusa makara. In mutum ya gaishe ni a gajarce sai in wuni ina auna gaisuwar.

Cikin kwanakin nan mutanen ruga suka tashi, suka yi kudu neman ciyawa. Na tsaya a bayan makaranta na ga wucewarsu. Mai farin goshi tana can baya tana jan ƙafa, yarinyar na biye da ita da 'yar tsumagiya. Na kau da idona da sauri don kada in sami kaina ina lissafa su. Ban sake ganin yarinyar ba, ban kuma ji ko saniyar ta kai inda za su ba.

Ranar Alhamis hedimasta ya shimfiɗa tabarma gindin bedi kamar ba abin da ya faru. Na zo da littafin ƙirga a naɗe, na ce ya mayar da shi adaka, ni na gama da shi.

"Shahi guda ya cije ka za ka yar da littahi? Akwai zabbi a ciki, akwai kwaɗi. Wa ka jin haushi in an ƙirga kwaɗi?" Ya tura mini shi, ya jawo mai baƙin bango. "Buɗe inda munka tsaya. Babin yadda aka yi wa yaro tambaya. Karanta shi sannu, ka ga ko akwai wani abin da za shi sa a kore mu daga gari."

Na karanta, amma rabin hankalina yana gida.

Wata safiya ina zaure ina ɗaure littattafai a takardarsu, sai na ji sallamar maƙwabciyar. Ta wuce ni da ƙwarya a hannu, jaririn a bayanta yana ta tsala kuka. Na bi ta da ido har tsakar gida. Inna tana tsugune tana sauya wa anza ruwa.

"Inna, karɓi mijin nan naki," matar ta ce tana kwance zane. "Zawo ya yi ta yi kwanan ga, shi ya sa ban kawo miki shi ba, kada shi ɓata miki tabarma. Yau kam ya ishe ni."

Inna ta goge hannu a zaninta, ta karɓe shi ta ɗora a cinya. Matar ta ɗebi anza daga ƙwaryar Inna ta watsa a baki, ta yamutsa fuska ta ce da sauran ɗaci, ta fita.

Ko gaskiya ta faɗa game da zawon, ko kuwa jira ta yi ta ga inda maganar gari za ta kwanta, har yau ban sani ba, kuma na sha juya shi a raina. Na dai tsaya a bakin zaure ina kallon Inna tana jijjiga yaron har ya yi shiru. Ta ɗago ta gan ni.

"Kai kuma mi kaka jira? An buga ƙararrawa tun ɗazu."

Na ɗauki littattafan na fita da gudu.